Wa ke raba kuɗin kumbo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Garwa. Wani ɗalibina ya ji a rediyo cewa ɗauko duwatsu daga duniyar Mas zai iya cin dala biliyan 11, sai ya tambaye ni wa ke zaɓar inda kumbo zai tafi. A taimaka mini da amsa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yaron nan albarka.

A Amurka majalisar dokoki ce ke riƙe da lalitar. A 2024 ta ba NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, kusan dala biliyan 25, binciken duniyoyi ya samu wajen biliyan 2.7 daga ciki. Masana kuwa duk shekara goma suke fitar da jerin abin da ya kamata a fara yi. A jerin 2022, cikin sababbin manyan ayyuka sun zaɓi duniyar Yuranos, wadda kumbo ɗaya tak ya taɓa gittawa ta gefenta, a 1986.

Inda gizo ke saƙar shi ne rabon. Ayyukan kashi uku ne, ƙanana da matsakaita da manya, duk daga rumbu ɗaya suke ci. Idan babba ya kumbura, ƙananan ke kwana da yunwa. Aikin duwatsun Mas ɗin nan, binciken da aka yi a 2023 ne ya ce zai kai biliyan 8 zuwa 11, shi ya sa hankalin masana ya tashi. Kafin nan ma, da kumbon Psyche ya makara a 2022, sai aka ɗage tafiyar kumbon VERITAS zuwa duniyar da muke kira Gamzaki, tauraron da muke gani in mun fito sallar asuba.

Ni dai ina bayan ƙananan, Malam, don a kansu matasa ke koyon aiki, kuma in ɗaya ya lalace asarar ba ta karya gida. Dubi kumbon DART, wanda kuɗinsa bai kai rabin biliyan ba. A Satumban 2022 ya daki dutsen Dimorphos a sararin samaniya har ya sauya masa zagaye, gwajin yadda za a kare duniya daga irinsa.

Don ɗalibinka ya ga ɓarnar irin wannan dutse, ka nuna masa taswirar arewacin Chadi, ya nemo ramin Aorounga. Ramin nan ya haura kilomita 10 a faɗi, kuma dutse ne daga sama ya haƙa shi.