Tambaya da Amsa: A hau da ɗalibai kan ganuwar Kano?

Tambaya: Ni malamar firamare ce. Za mu kai ɗalibai 40 zagayen wuraren tarihi na yini ɗaya a birnin Kano cikin watan Yuli. Ɗan jagoran da muka samu ya ce zai hau da su kan ganuwa a yi hoto, wai ta shekara 900 ba ta faɗi ba. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Malama, gara da ya ƙi kwanciya. Yini ɗaya ya ishe ku: ku hau Dutsen Dala da sassafe, ku shiga gidan tarihi na Gidan Makama, ku tsaya ƙofar Gidan Rumfa, wato fadar Sarkin Kano, ku ƙare a marinar Ƙofar Mata.

Amma zancen nan na "ta shekara 900" ya ishe ni, kullum sai na ji shi a bakin 'yan jagoran da ba su san komai ba sai karɓar kuɗi. Gaskiya ne an faro ginin tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, Sarki Muhammadu Rumfa (ya yi mulki 1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta. To amma ginin ƙasa ne, tubali da yaɓe. Abin da ya tsayar da ita shi ne gyara, jama'a su fito aikin gayya su toshe inda ruwa ya ci. Yau wa ke yi? Sai masu ɗibar ƙasar gini da ke ƙwaƙule gindinta. Wallahi abin takaici ne.

Ki matsa kusa ki duba da idonki. Za ki ga zaizayar ruwa ta tsaga ta daga sama har ƙasa, ɓawon waje ya bushe kamar dutse, ciki kuwa ya jiƙe ya yi lumus. A watan Yuli ƙafar yaro ɗaya ta isa ta ɓallo gefe guda, balle yara 40 suna turereniya. A wurare da dama kuma kududdufi ne a gindinta, cike da ruwan damina.

Ki sallami mutumin nan. Ki je Gidan Makama tun kafin ranar, ki nemi ma'aikatan hukumar gidajen tarihi su haɗa ki da jagora. Hoto kuwa, a jera yaran a ƙasa, nesa da gindin bango.