Daga Jos zuwa Abuja: Mota ko Jirgi?

Wani ɗan kasuwa daga Farin Gada da ke Jos ya aiko da tambaya. Yana sayen sitiroberi a wajen manoman Vom yana kai wa masu otal da shaguna a Abuja, amma kafin kayan su isa wasu sun yi laushi sun fara zubar da ruwa. Ya ce ko ya koma aikawa ta jirgin sama?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. A kan Abuja dai, ban ba ka shawarar jirgi ba.

Tsakanin filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang da na Nnamdi Azikiwe a Abuja, tazarar a sama ba ta kai kilomita 200 ba, jirgi kan cinye ta cikin minti 40 ko ƙasa da haka. Wannan ne ke jan hankalin mutane. Sai dai kayanka ba a Heipang suke ba, mai sayen kuma ba a filin jirgi yake zaune ba. Daga cikin Jos zuwa Heipang kusan kilomita 30 ne. Za ka kai kaya da wuri a auna, a duba, su zauna jiran tashi. A Abuja kuma a jira sauke su, sannan a sake ɗaukar mota kusan kilomita 40 zuwa Wuse ko Maitama. Ka haɗa duka, za ka ga ka ci awa uku zuwa huɗu, idan ma jirgin bai yi jinkiri ba. Motar da ta bi Hawan Kibo, Akwanga da Keffi kusan awa huɗu zuwa biyar take yi, kuma kai ke da ikon lokacin tashinta.

Abin da ya fi damuna shi ne yawan hannun da zai taɓa kayan. A ɗora, a sauke, a jera a ƙasa cikin rana, a sake ɗorawa. Sitiroberi ba ya son haka ko kaɗan. Ka duba ƙasan kwali idan ya iso: jan ruwan da ke jiƙa takarda daga 'ya'yan da aka danne yake fitowa, ba daga tsawon hanya kawai ba.

Don haka gyaran yana wajen shiri. A tsinka da sanyin safiya ko da yamma, kada a wanke, a zuba a ƙananan robobi masu huji, jeri biyu kawai. A saka cikin kula da ƙanƙara a gefe, ba a kan kayan ba. Motar ta tashi da asuba. Kuma ka biya direba kuɗin wurin zama guda, kada a cusa kularka ƙarƙashin buhunan dankali.

Inda jirgi yake da amfani shi ne Legas. A sama kusan kilomita 700 ne, awa ɗaya da 'yan mintuna, a mota kuwa yini guda ne har da dare. Can ma sai ka yi lissafi: ka tambayi kuɗin dakon kilo ɗaya, ka ɗora a kan farashin saye da na kwali, ka ga ko mai sayen zai biya. Ka karɓi rabin kuɗinka kafin kaya su tashi, ka fara da kilo 20 tukuna.