Yadda za ku karrama tsohon malaminku

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce ku 'yan aji ɗaya kun yi ta tuna alherin malaminku na sakandare da ya yi ritaya, kuna son karrama shi, kana neman ta inda za ku fara. Allah Ya saka muku da alheri.

Kafin a tara ko sisi, ku tura mutum biyu su keɓe da babban ɗansa ko uwargidansa. Malam da bakinsa ba zai faɗi buƙata ba, "alhamdu lillahi" kawai za ku ji. Iyali ne suka san ko kwanon ɗaki na yoyo, ko maganin hawan jini ke cinye fanshon, ko kuɗin makarantar auta ya gagara. A nan aka fi tafka kuskure: a kama zauren taro, a yi anko, a buga kalanda, Malam ya koma gida da allon yabo na rataye a bango, alhali kuɗin abincin taron kaɗai ya isa gyaran rufin.

Kada kuɗi ya shiga asusun mutum ɗaya, komai amanarsa. Ku buɗe asusun da sai mutum biyu sun sa hannu, duk Juma'a a sanar da jimillar abin da ya shigo da sunayen masu bayarwa, ban da adadin kowa. In aka bayyana adadi, mai dubu 2 zai ji kunya ya fice daga rukunin.

A ganina karo-karon wata-wata ya fi taron yini guda. Mutum 30, dubu 5 kowanne, dubu 150 ke nan duk wata. Hatsi a saya da kaka. Mota kuwa ku yi hattara, mai da gyara za su zame masa kaya. In kujerar Hajji kuke buri, ta haura naira miliyan 8 a 2025, sai ku bi ta adashin gata da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta fara da bankin Jaiz a 2020.

Kowa kuma ya aiko da saƙon murya na minti 2, ya ambaci abu guda takamaimai da Malam ya yi masa. A rubuce su, a buga ɗan littafi, a karanta masa a zaurensa bayan la'asar. Hotonsa da buhunan abinci kada ya hau Facebook, muzantawa ce.