Tambaya da Amsa: Ɗan shekara uku da homwok

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa uku, na sa shi nazare a nan unguwarmu, kullum sai ya dawo da homwok wai ya rubuta 1 zuwa 50, in na kama masa hannu kuka yake har bacci ya ɗauke shi a kan littafin. Babansa ya ce a cire shi sai ya ƙara wayo, facalata kuma cewa take cutarsa zan yi, wai nata tun suna shekara biyu suke ABC. Wai me masana suka ce ne? Daga wata uwa, Ɗorayi, Kano.

AMSA: Wa'alaikissalam ƙanwata, wallahi yaron nan ya ban tausayi. Ɗan shekara uku yatsunsa ba su yi ƙwarin riƙe fensir ya cika shafi ba, kukan nan gaskiyarsa ce.

Karatun ƙananan yara yana da amfani sosai, amma wane iri? A 1962 aka fara wani bincike a garin Ifsilanti na jihar Mishigan a Amurka, ana ce masa Perry Preschool, da yara 123 'ya'yan talakawa. Waɗanda aka sa a ajin awa biyu da rabi kacal suke yi da safe, yaro shi zai zaɓi abin da zai yi, ya yi, sannan ya zo ya ba malama labari, kuma duk sati malamar tana zuwa gida wajen uwar. An bi su har suka kai shekara 40, sun fi sauran gama sakandare da samun kuɗi, kuma shigarsu hannun 'yan sanda ba ta kai ta sauran yawa ba.

Wanda ni ya fi taɓa ni shi ne na Jamaika, don halinsu ya yi kama da namu. A Kingiston, 1986, aka ɗebi yara 129 da suka tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, ma'aikatan lafiya na unguwa suna zuwa gidajen wasunsu awa ɗaya duk sati har shekara biyu, ba abin da suke yi sai nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta dinga yi masa magana tana faɗa masa sunan komai tana yaba masa, kayan wasan ma da robobi da tsummoki ake haɗawa. Bayan shekara 20 abin da yaran nan suke samu ya ɗara na waɗanda ba a je wa ba da kashi 25 cikin ɗari.

To kin ga wannan kina da shi a tsakar gidanki. In kina gyaran kayan miya ba shi tumatir ya ƙirga miki, ya ware jajaye daga waɗanda ba su nuna ba. Tara masa murafen lemo a gwangwanin madara, ki bar shi ya yi zane a ƙasa da tsinke, da daddare ki yi masa gatanan gatananku ki dinga tsayawa kina tambayarsa, to me Gizo zai yi yanzu? Da Hausa fa, kar wani ya ce miki za ta hana shi Turanci.

Littafi kuma ki nemi African Storybook a wayarki, kyauta ne, akwai labarai masu hoto da Hausa, ki sauke ki karanta masa yana cinyarki. Amma kar ki sakar masa wayar, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a rana.

Maganar cirewa, ku fara zuwa ke da babansa ku sami shugabar makarantar cikin mutunci ku ce a ɗauke masa homwok ɗin, ki leƙa ajin ki ga ko ana waƙa da wasa ko kuwa kowa na zaune gaban allo an harɗe hannu. In sun ƙi, ku canza masa wata ko ya zauna gida zuwa baɗi.