Jirgin rakiya na Flower: wanne zan fara haɗawa?

Tambaya: Malam ina so in fara haɗa ƙananan jiragen ruwan yaƙi na roba ɗin nan da ake sayarwa a kwali, na ga Flower na kamfanin Revell kala biyu, 1/72 da 1/144. Wanne zan ɗauka? Kuma wai da gaske farin fenti ake musu?

Amsa: To ɗan'uwa, ɗauki 1/144. Jirgin na gaske tsawonsa wajen mita 62 ne, kaga na 1/72, wato wanda aka rage girmansa sau 72, zai kai kusan santimita 87, gutsattsarinsa sun haura dubu, mai koyo sai ya gaji ya tura shi ƙarƙashin gado. Ƙaramin kuwa santimita 43 ne, teburi ɗaya ya ishe ka.

Amma kafin ka taɓa gam ka san waye wannan jirgin. A 1939, ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila na neman jiragen da za su raka ayarin jiragen kaya saboda tsoron kada jiragen Jamus masu nutso su nutsar da su, sai kamfanin Smith's Dock ya ɗauko fasalin jirgin farautar kifin whale ya gyara, ba don ya fi kyau ba, don yana da arha kuma ƙananan ma'aikatu a Ingila da Kanada za su iya ƙera shi da sauri. Igwa ɗaya a gaba, bama-baman ƙarƙashin ruwa a baya, ba shi da gudu, ga tangaɗi, ruwa na shiga har inda ma'aikata ke kwana. Wasunsu a Freetown aka girke su suna raka kayan Afirka ta Yamma zuwa Liverpool.

Farin fentin gaskiya ne. Peter Scott, mai zanen tsuntsaye da ya shiga sojan ruwa, shi ya kawo dabarar fari da shuɗi da kore masu haske, wai don jirgin ya ɓace cikin hazon arewacin tekun Atlantika. Ni dai abin da ke damuna shi ne in ga an bar shi fes kamar sabuwar mota. Sa masa tsatsa wajen anga da inda ruwa ke gangarowa, kaɗan kaɗan da siririn buroshi.

Sannan ka tsaya kan jirgi guda da shekara guda, don na farko gabansu gajere ne daga baya aka tsawaita shi aka ƙara na'urar rada mai hango abu daga nesa. Nemi hotunan HMCS Sackville, shi kaɗai ya rage, yana Halifax a Kanada.