Zauren Tambaya: Na sa wa WhatsApp ɗina makullin yatsa, shikenan na tsira?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp, kwastomomi na turo min risit ɗin tiransifa da adireshinsu, wasu har hotonsu, ga wayar kullum tana hannun yara suna gem. Shi ne na sa makullin yatsa, sai wata ƙawata ta ce wai zanen yatsan nawa Amurka kamfanin yake kwashewa. Da gaske ne? Kuma ranar da na yi lalle na biki ƙin buɗewa ya yi har sai da na sa lamba. Daga wata 'yar kasuwa, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Maganar ƙawarki dai ba haka take ba. WhatsApp ba ya ganin yatsanki kwata-kwata, lokacin da kika yi rajistar yatsa wayar ce ta mayar da zanen zuwa wasu lambobi ta ɓoye a wani keɓaɓɓen lungu na cikinta, in kin ɗora yatsa WhatsApp tambayar wayar kawai yake yi, ita ce ko ba ita ba ce, wayar ta ce eh ko a'a, iyakar abin da yake samu ke nan. Ba irin na BVN ko NIN ba ne da ake ɗauka a ajiye a rumbunsu. Tun 2019 aka kawo makullin nan, a iPhone da farko sannan Android.

Lallen kuwa ba abin tashin hankali ba ne, wasu wayoyin musamman masu karanta yatsa ta ƙarƙashin gilashi da haske suke aiki, to in yatsa ya rine ko ya bushe sai su rikice. Haka ma in kin gama wanki ko hunturu ya tsattsaga fata. Ki yi rajistar yatsa biyu ko uku, har da na hannun hagu.

Amma inda nake so ki tsaya ki duba da kyau shi ne nan, makullin WhatsApp ɗin ba shi da nasa yatsan daban, duk yatsan da aka taɓa yi wa rajista a wayar zai buɗe shi. Ki shiga setin ɗin wayar yau ɗin nan ki ƙirga, in kin ga yatsu huɗu alhali biyu kika sa, to wani yaro ya riga ki, don yaran yanzu in sun san lambar buɗe waya minti ɗaya ya ishe su su ƙara nasu. Wato ƙarfin yatsan bai wuce ƙarfin lambar ba, in lambarki 1234 ce ko shekarar haihuwarki to ƙofar ƙarfe kika sa a dangar kara. Sannan mai barci ba ya hana a ɗauki babban yatsansa a ɗora, wannan kam ya sha faruwa a gidaje, ba sai na ce tsakanin wa da wa ba. Buɗewa da fuska ma a ƙananan wayoyi kyamarar gaba ce kawai, wasu har da hoto ana yaudararsu. Na iPhone ya fi ƙarfi, Apple da kansu sun ce 1 cikin 1,000,000 ne baƙo zai dace, amma sun yarda tagwaye da 'yan uwa masu kama sosai lissafin ya canza.

Tunda yara na karɓar wayar, ki sa makullin ya rufe nan take, ba bayan minti 1 ko 30 ba, ki kuma kashe nuna saƙo a sanarwa, in ba haka ba ana karanta rabin hirar daga sama ba a buɗe komai ba. Hirar manyan kwastomomi ki sa su a Chat Lock, wato makullin hira ɗai-ɗai na cikin WhatsApp, da aka kawo a 2023, hotunansu ba sa faɗawa galari da kansu, kuma kina iya sa musu kalmar sirri daban da ta waya.

Sai abin da ya fi cin 'yan kasuwa, wanda yatsa ba ya maganinsa ko kaɗan. Wani ya kira ki ya ce an sa ki a guruf ɗin tallafi ko mitin na 'yan kasuwa, ki karanto masa lambobi guda 6 na WhatsApp da suka shigo wayarki yanzu. Kina karantawa ya hau akawun ɗinki a tasa wayar yana roƙon kwastomominki kuɗi da sunanki, ke kuma kina nan riƙe da yatsanki. Kar ki ba kowa lambar nan, kuma ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu (Two-step verification), wato ƙarin lambar sirri a setin ɗin WhatsApp, ki haɗa da imel. Ki leƙa Linked devices ma lokaci-lokaci, inda WhatsApp ke nuna na'urorin da aka jona da akawun ɗinki, na'ura har 4 ake iya jonawa, in kin ga wata kwamfuta da ba ki sani ba ki fitar da ita.