Amsa ga Alhaji kan farashin 'yan kwangilar kwalta uku

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ce 'yan kwangila uku sun kawo maka farashin zuba kwalta a harabar injin casarka da ke wajen Kura, fili mai murabba'in mita 1,000, kuma ɗayansu ya yi ƙasa da sauran sosai, shin ka ba shi?

Kada ka ba kowa tukuna. Jimillar kuɗin da ke ƙasan takarda ba ita ce abin dubawa ba, domin da wuya a ce aiki iri ɗaya ukun suka yi wa kuɗi. Ka samo injiniya, ka biya shi ladansa, ya rubuta maka takarda ɗaya mai ɗauke da kowane mataki da kaurinsa, ka raba musu kwafi, kowa ya cike kuɗinsa layi-layi. A nan ne za ka ga abin da mai araha ya tsallake.

Fara da ƙasa. Yankin Kura da Garun Malam wurin noman shinkafa ne, laka ta yi yawa, ita kuwa laka kumbura take da damina, ta tsattsage da rani. Dole a kwashe ƙasar sama, a zuba burji milimita 150 zuwa 200, a jiƙa shi da tankar ruwa, a danne da rola mai jijjiga. A bisansa sai dakakken dutse milimita 150. Galibi dutsen nan ne mai araha yake cirewa, ya ɗora kwalta kai tsaye a kan burji. Mashin da ƙananan motoci za su bi lafiya, amma tirela mai buhunan shanshera za ta lotsa wurin tun damina ta farko. Bayan dutse akwai feshin MC1, wato bitumin (baƙin man da ke riƙe tsakuwar kwalta) da aka tsinka ya zama ruwa-ruwa, kimanin lita 1 a kowane murabba'in mita, a bar shi kwana ɗaya ko biyu ya shige. In ba a fesa ba, kwaltar ba ta kama, sai ka ga tana zamewa tana naɗewa inda motoci ke taka birki.

Yanzu ga lissafin da ya kamata ka riƙe. Kwaltar da aka danne, mita ɗaya tsawo da faɗi da kauri, tana kai kimanin tan 2.4. Ke nan filinka zai ci tan 96 in kaurin milimita 40 ne, tan 120 in 50 ne. Wurin tirela yana son hawa biyu, milimita 60 a ƙasa, 40 a sama, wato tan 240 in duk filin ne. Tambayi kowannensu tan nawa ya sa a lissafinsa. Wanda ya ce tan 60, to milimita 25 zai shafa maka, komai daɗin bakinsa. Kuma a rubuta ƙarara cewa kaurin na bayan dannewa ne, domin abin da aka shimfiɗa a 50 yakan koma wajen 40 in rola ta gama. Ranar aiki ka ajiye yaronka a ƙofa yana karɓar takardar sikelin kowace tifa, da yamma ku haɗa jimilla.

Akwai kuma masu fesa bitumin su watsa tsakuwa a kai, su ma su ce kwalta. Ba zamba ba ce, aiki ne mai kyau a hanyar ƙauye, amma ba ajinsu ɗaya da kwaltar da aka dafa a inji ba, kada a haɗa maka farashinsu.

Tambayi 'yan kwangilar daga ina za a ɗauko kwaltar. Ana so ta iso da zafi wajen digiri 140, a rufe da tanfol. In tifa ta daɗe a hanya, za ka ga kwaltar tana zubowa dunƙule-dunƙule, ba ta walƙiya, rola kuma ba za ta iya haɗe ta ba, bayan 'yan watanni tsakuwa ta fara ɓarewa. Da injin shimfiɗawa za su zo, ko da shebur da manjagara? Wannan ma a rubuta.

Ruwa fa? Filin ya karkata santimita 2 da rabi a kowace mita zuwa lambatu, a sa kwalbati a bakin ƙofa. Takardar da babu lambatu a cikinta ba ta cika ba, ko ta wane ne. Kuma a yi aikin da rani.

Wani abu da 'yan kwangila ba su cika faɗa ba: man gas yana narkar da bitumin. Inda tireloli ke tsayawa su yi lodi, da gindin janareta, ka zuba kankare mai rodi, ka bar kwalta ga hanyar shiga da fita.

Batun biya, kuɗin kafin alƙalami kada ya wuce na kawo kayan aiki. Sauran a biya mataki-mataki, bayan injiniyanka ya duba burji da dutse kafin a rufe su. Riƙe kashi 5 cikin ɗari har damina ta wuce, a sa hannu a kan haka gaban shaidu. Kafin nan kowannensu ya kai ka aikin da ya yi wanda ya sha damina biyu, ka sauka daga mota ka taka da ƙafa, ka duba gefe-gefe da inda ruwa ke kwanciya, sannan ka keɓe da mai wurin ka ji ta bakinsa.

In ka karɓi sababbin takardun, ɗauko hotonsu ka rufe sunayen ka turo nan mu duba tare. Allah ya sa albarka.